Linux Ɗin da Ake Hangowa a Labaran Talabijin: Tsakanin Ubuntu, Mint, Debian da Fedora, Wanne Ya Dace da Kwamfutarka?

Duk mai bibiyar labaran manyan tashoshin talabijin, wanda kuma ya san kwamfuta gwargwadon hali, ya taɓa cin karo da irin wannan: kyamara tana wucewa ta bayan wani ma'aikaci a ɗakin gwaje-gwaje, ko a cibiyar kula da kumbo, ko a ofishin jami'an tsaro, sai a hango allon da bai yi kama da Windows ba, bai kuma yi kama da na kwamfutocin Apple ba. Mai rahoto ba ya tsayawa a kansa, domin ba shi ne labarin ba, amma masoya buɗaɗɗiyar manhaja sukan tsayar da hoton, su ƙura masa ido, su shiga muhawara a kan ko wane nau'in Linux ne aka nuna. A da wannan muhawara nishaɗi ce kawai. Tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum da yake bai wa Windows 10, ta zama tambaya mai amfani ga duk mai tsohuwar kwamfuta, saboda Windows 11 yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, alhali da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake saya a kasuwar Farm Centre ko a titin Beirut na Kano, irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, zubi na 6 ne. Lafiyarsu ƙalau, sai dai ba sa cikin jerin waɗanda Microsoft ya amince a ɗora musu sabon Windows.

Kafin a shiga kwatanci, ya kamata a fahimci abin da kyamarar take ɗaukowa. Linux a asalinsa ginshiƙin cikin manhaja ne wanda ido ba ya gani, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, aka haɗa shi da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983. Da yake lasisinsa ya bai wa kowa damar ɗauka, ya gyara, ya rarraba, ƙungiyoyi da kamfanoni da dama sun harhaɗa nasu nau'in, kamar yadda ake samun inji iri ɗaya a cikin manyan motoci amma kowace da bodin da kafintanta ya ƙera mata. Abin da yake bayyana a allo shi ne fuskar manhajar, wato jerin gumaka da tagogi da launuka, kuma ana iya ɗora fuska ɗaya a kan nau'o'i daban-daban. Saboda haka duk wanda ya rantse cewa ya gane nau'in Linux daga hoton daƙiƙa biyu, yawanci fuskar kawai ya gane.

Duk da haka akwai alamun da ba sa ɓuya. Idan aka ga gumakan manhajoji jere daga sama zuwa ƙasa a gefen hagu na allo, tare da launin ruwan goro da shunayya, to kusan babu shakka Ubuntu ne, domin ya riƙe wannan siffa tun zamanin fuskar Unity a 2011, bai kuma sake ta ba ko da ya koma kan GNOME a 2017. Idan siririn baƙin layi ne a saman allo da agogo a tsakiyarsa, ba tare da gumaka a gefe ba, wannan GNOME ne tsantsa, wanda aka fi gani a Fedora da Debian. Fuskokin Cinnamon da KDE Plasma kuwa suna ajiye layinsu a ƙasa da maɓallin jerin manhajoji a kusurwar hagu, don haka sukan wuce a labarai ba a lura ba, mai kallo ya ɗauka Windows ne. Baƙin allo mai koren rubutu, wanda masu shirya rahoto suke matuƙar so, ba hujja ba ne ko kaɗan, tunda Windows da macOS duk suna da tagar rubuta umarni irin wannan.

Akwai kuma lokutan da Linux ya shiga labarai da sunansa. A 2013 aka ba da rahoton cewa an mayar da kwamfutocin hannu na Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa zuwa Debian. Ƙaramin jirgin Ingenuity na hukumar NASA, wanda ya tashi a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilun 2021, da Linux yake aiki. Jandarmomin Faransa sun daɗe suna amfani da nasu nau'in da suka gina a kan Ubuntu mai suna GendBuntu, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus kuma ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa Linux da LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta mai kama da Microsoft Office. A Najeriya ma, ƙananan kwamfutocin XO masu launin kore da fari da aka gwada a makarantar firamare ta Galadima a Abuja a 2007, waɗanda kafafen labaran duniya suka yi ta nunawa, a kan Fedora aka gina manhajarsu. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, akwatin talabijin ɗin da ake kallon labaran da shi, idan na zamani ne na Samsung ko LG, shi ma ginshiƙin Linux ne a cikinsa, haka nan kowace wayar Android.

Sai dai nau'in da ya fi jan hankalin matasa a talabijin shi ne wanda ya fi rashin dacewa da mai farawa. A rahotannin kutse da damfarar intanet akan nuna allo mai hoton dodo mai kama da maciji, wato tambarin Kali Linux, wanda kamfanin Offensive Security ya fitar a 2013 a matsayin magajin BackTrack. An gina shi ne domin ƙwararrun da ake ɗauka aiki su gwada ƙarfin tsaron na'urori, kuma masu shi da kansu sun rubuta cewa ba su ba da shawarar a mayar da shi manhajar aikin yau da kullum ba, musamman ga wanda bai san Linux ba. Ɗalibin da ya ɗora shi don ya rubuta aikin makaranta zai sami ɗaruruwan kayan aikin da ba ya buƙata, tare da sabuntawa marar ƙarewa da za ta cinye masa data. Haka nan Tails, wanda ya yi suna bayan da aka san cewa Edward Snowden, wanda ya fallasa sirrin leƙen asirin Amurka, da 'yan jaridar da ya yi hulɗa da su a 2013 sun yi amfani da shi: daga filashi yake tashi, yana bi ta hanyar Tor mai ɓoye sawun mai shiga intanet, kuma yana mance abin da aka yi da zarar an kashe kwamfuta, sai abin da aka keɓe wa wurin ajiya na musamman. Ɗan jarida mai bincike yana iya buƙatarsa, amma malami mai ajiye sakamakon jarrabawa ba shi da abin yi da shi.

Da aka ajiye waɗannan biyun, zaɓin gaskiya yana tsakanin guda huɗu, kuma uku daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne. Debian ne babba, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, kuma har yau masu aikin sa-kai ne suke tafiyar da shi ba kamfani ba. Ubuntu ya fito daga jikin Debian a Oktoban 2004 a ƙarƙashin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu. Linux Mint, wanda Clément Lefèbvre ya fara a 2006, a kan Ubuntu ake gina shi. Fedora ce kaɗai daga wani gida, domin ta fito a 2003 da ɗaukar nauyin kamfanin Red Hat, wanda IBM ya saya a 2019 a kan dala biliyan 34. Wannan dangantaka tana da tasiri a aikace, saboda bayanin gyara da aka rubuta domin Ubuntu yakan yi aiki a Mint kusan kalma da kalma, yakan kuma yi aiki a Debian da ɗan sauyi, amma Fedora tana da nata tsarin ɗora manhajoji da nata umarnin.

Abu na farko da mai barin Windows zai ji a jikinsa shi ne sabo. A nan Mint ya yi wa sauran fintinƙau, domin fuskar Cinnamon tana ajiye komai a inda hannu ya saba zuwa: jerin manhajoji a ƙasan hagu, agogo da alamar batir da ta intanet a ƙasan dama, tagogin da aka buɗe kuma jere a tsakani. Wanda ya yi shekaru da Windows 7 ko Windows 10 zai fara aiki a ranar farko ba tare da an koya masa ba. GNOME na Fedora yana da kyau da tsafta, amma tunaninsa daban ne, har maɓallin rage taga ma ba ya zuwa da shi sai an kunna, kuma ana son mutum ya saba da buɗe allon duba ayyuka kafin ya sauya daga wata manhaja zuwa wata. Ubuntu ya sassauta wannan da layin gumakansa na hagu da kuma maido da maɓallan da GNOME ya cire, ya tsaya tsakiya ke nan. Debian yana tambayar mutum wace fuska yake so a lokacin ɗorawa, wanda hakan 'yanci ne ga masani, amma ruɗani ne ga wanda bai taɓa jin sunayen ba.

Na biyu shi ne nauyi. Ubuntu 24.04 ya nemi RAM gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 25, Mint kuma ya ce gigabait 2 zai tashe shi amma 4 ne zai sa a ji daɗinsa. A aikace, kwamfuta mai gigabait 8 za ta ɗauki kowane daga cikin huɗun ba tare da nishi ba, don haka mai irinta bai kamata ya damu da wannan ba. Matsalar tana ga mai gigabait 4, domin abin da yake cinye RAM a yau shi ne manhajar shiga intanet, kuma duk abin da fuskar ta ci an rage shi ne daga rabon Firefox ko Chrome. A irin wannan kwamfuta GNOME yana da nauyi, Cinnamon ya fi shi sauƙi, Xfce kuma ya fi su duka. Mint yana da bugun Xfce da na MATE daga hannun masu shi, Ubuntu yana da 'yan uwa irin su Xubuntu da Lubuntu, sai dai tallafin waɗannan shekara 3 ne maimakon 5. Wanda tsohon faifan ajiya mai juyawa ne a kwamfutarsa ya sani cewa sauya shi da SSD zai ƙara masa gudu fiye da duk wani zaɓin nau'i da zai yi.

Batun da ya kamata a daɗe a kansa shi ne data, domin masu rubuta kwatancin Linux a ƙasashen da intanet ba shi da iyaka ba su cika kula da shi ba, alhali ga mai sayen data da awo shi ne ke yanke hukunci. Fayil ɗin ɗora Ubuntu 24.04 ya kusa gigabait 6, na Mint 22 bai kai gigabait 3 ba, na Fedora gigabait 2 ne da 'yan kai. Ƙaramin fayil ɗin Debian bai kai gigabait 1 ba, amma kada wannan ya yaudari kowa, saboda sauran kayan daga intanet yake jawo su yayin ɗorawa, kuma idan layi ya yanke aikin yakan tsaya. Wannan kuɗin farko ne, ana biyansa sau ɗaya, ana ma iya raba shi idan mutum ɗaya ya sauko da fayil ɗin ya bai wa abokansa a filashi, abin da lasisin ya halatta sarai.

Kuɗin da yake maimaituwa shi ne na sabuntawa, kuma a nan ne huɗun suka rabu sosai. Fedora tana fitar da sabon bugu duk wata 6, tana tallafa wa kowane na kimanin wata 13, ma'ana dole ne a yi babban ɗaukaka aƙalla sau ɗaya a shekara, ga kuma ƙananan sabuntawa da suke zuwa kusan kowane mako, har da sabon ginshiƙin Linux a kai a kai. Ubuntu yana raba wasu manhajoji, ciki har da Firefox, ta tsarin Snap, wanda yake duba sabuntawa da kansa sau 4 a rana idan ba a sauya saitinsa ba, ya kuma sauko da su ba tare da ya jira izini ba. Ana iya dakatar da shi, ana kuma iya gaya wa kwamfutar cewa layin na awo ne, amma sai mutum ya san da hakan tukuna, kuma galibi ba a sani sai bayan data ta ƙare. Mint ya toshe Snap tun bugu na 20 a 2020, kuma manhajarsa ta sabuntawa tana nuna jerin abin da yake jira da girmansa, ba ta sauko da komai sai an danna, sai fa idan mai kwamfutar ne ya kunna sabuntawa ta kai-tsaye. Debian ya fi kowa sauƙi a wannan fanni, domin bayan fitowar bugu kusan gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai yake aikowa. Abin lura ɗaya game da Mint shi ne manhajojin da ake rarrabawa ta tsarin Flatpak da suke cikin shagonsa na manhajoji, waɗanda na farkon da aka ɗora yakan jawo ƙarin kaya masu nauyi, don haka idan manhaja tana da bugu biyu a shagon ya fi kyau mai tattalin data ya duba girman kowane kafin ya danna.

Tsawon tallafi yana tafiya da wannan. Ubuntu yana fitar da bugu mai dogon tallafi a watan Afrilun kowace shekara biyu, kamar 22.04 da 24.04, yana kula da shi shekara 5, kuma rajistar Ubuntu Pro, wadda kyauta ce ga mai amfanin kansa a kan kwamfuta har 5, tana kai shi shekara 10. Mint 22, wanda ya fito a Yulin 2024, yana da tallafi har 2029. Debian yana fitar da bugu kusan duk shekara biyu, na 12 a Yunin 2023, na 13 a Agustan 2025, kuma kowane yakan sami kimanin shekara 5 idan aka haɗa da tallafin ƙari. Ga makaranta ko ofishin da ba shi da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, wannan kaɗai ya isa ya fitar da Fedora daga lissafi.

Sai maganar direbobi, wato ƙananan manhajojin da suke sa sassan kwamfuta su yi aiki. Tsofaffin kwamfutocin HP da Dell da yawa suna ɗauke da katin Wi-Fi na Broadcom, wanda wasu nau'o'insa suke buƙatar direban da ba buɗaɗɗe ba. Mint da Ubuntu duk suna da taga ta musamman da take gano irin wannan ta ɗora shi da dannawa biyu, haka ma katin hoto na NVIDIA, kuma idan babu Wi-Fi tun farko ana iya haɗa waya da kebul a ara wa kwamfutar intanet har a gama. Debian ya daɗe yana wahalar da masu farawa a nan saboda aƙidarsa ta ƙin saka abin da ba buɗaɗɗe ba a fayil ɗin ɗorawa, amma daga bugu na 12 ya sassauta ya fara haɗawa da manhajar cikin na'urori da ake buƙata, abin da ya rage wahalar ƙwarai. Fedora, da yake Red Hat kamfanin Amurka ne mai kiyaye dokokin haƙƙin ƙirƙira na can, ba ta zuwa da wasu kayan buɗe bidiyo, sai an ƙara rumbun RPM Fusion da hannu. Mint yana gama wannan da akwati ɗaya da ake yi wa alama a lokacin ɗorawa. Game da firinta, na HP sun fi samun sauƙi saboda kamfanin yana da direbobinsa na Linux mai suna HPLIP, yayin da wasu tsofaffin firintocin Canon masu amfani da direban CAPT suke buƙatar haƙuri a kan kowane daga cikin huɗun.

Debian yana da wani tarko da ya kamata a ambata, saboda yana kama masu farawa da yawa: idan aka saka kalmar sirri ta babban mai iko a lokacin ɗorawa, asusun mai amfani ba ya samun ikon gudanarwa, sai mutum ya zo ɗora manhaja a ce masa ba shi da izini. Barin wannan gurbi ba komai shi ne yake bai wa asusun farko iko. A gefe guda kuma, Debian ne mafakar kwamfutocin da suka tsufa ƙwarai masu furosesa 32-bit, waɗanda Ubuntu da Mint na yau suka daina karɓa, amma bugu na 12 ne na ƙarshe da ya zo musu da fayil ɗin ɗorawa.

Ɗaukewar wutar lantarki ma tana da wuri a wannan lissafi, musamman ga mai kwamfutar tebur ko mai kwamfutar hannun da batirinta ya mutu. Dukkan huɗun suna jure kashewar bazata a lokacin aiki na yau da kullum, amma yankewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya barin kowane daga cikinsu a rikice. Mint yana zuwa da Timeshift, yana kuma tunatar da mutum ya kunna shi tun ranar farko, wanda yake ajiye hoton tsarin kwamfutar yadda za a iya komawa jiya idan yau ta lalace. Ana iya ɗora shi a kan sauran, sai dai bambancin abin da aka miƙa wa mutum a hannu da abin da sai ya je ya nemo yana da girma ga mai farawa. Wanda aka fi yi wa sabuntawa kuwa shi ne ya fi shiga wannan haɗari, kuma kamar yadda aka faɗa, Fedora ce ta fi kowa yawanta.

A rubutun Hausa babu wanda ya fi wani, domin dukkansu daga tushe ɗaya suke samun tsarin madannai, kuma a ciki akwai Hausa ta Najeriya da Hausa ta Gana, masu ba da haruffan ƙ da ɗ da ɓ, ga kuma madannan Larabci ga mai rubutun ajami da na Faransanci ga masu kwamfutoci irin na Nijar.

Kada a ɗauka cewa Ubuntu da Fedora ba su da inda suka yi nasara. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da yake son aikin sabar (kwamfutar da take ɗauke da shafuka da ayyukan intanet) ko na rumbunan intanet zai tarar cewa Ubuntu ne kamfanoni da yawa suke fara rubuta wa bayanin ɗora manhajojinsu, kuma abin da ya koya a kwamfutarsa shi zai tarar a sabar da zai yi haya. Wanda ya sayi sabuwar kwamfuta fil, wadda sassanta ba su daɗe da fitowa ba, Fedora za ta fi saurin gane su saboda sabon ginshiƙinta, kuma ita ce hanya mafi kusa ga mai neman takardar ƙwarewa ta Red Hat, domin daga gare ta ake tsamo abin da yake zama manhajar kamfanin. Shi kansa Torvalds an san shi da amfani da Fedora, amma buƙatun mai rubuta ginshiƙin Linux ba su ne buƙatun mai shagon buga takardu ba. Debian kuma ya fi dacewa da kwamfutar da ake so a kafa a manta da ita, kamar ma'ajiyar fayilolin makaranta, da sharaɗin a yarda cewa manhajojinsa za su riƙa zama a baya da shekara ɗaya ko biyu.

Akwai mutanen da babu ɗaya daga cikin huɗun da ya dace da su a yanzu, kuma rashin adalci ne a ɓoye musu. CorelDRAW, wanda masu buga katin biki da fosta da kalanda suka dogara da shi, ba shi da bugun Linux, haka ma Photoshop da AutoCAD da Microsoft Office na ɗorawa a kwamfuta. Inkscape da GIMP da LibreOffice, waɗanda ake amfani da su a madadinsu a Linux, suna yin aiki mai kyau, amma fayil ɗin da abokin ciniki ya kawo daga CorelDRAW ba lalle ya buɗu daidai ba, kuma takardar Word mai tebura da yawa takan ɗan goce a LibreOffice, musamman idan babu irin haruffan da aka rubuta ta da su. Birnin Munich na Jamus ya yi shekaru yana mayar da kwamfutocinsa kusan 15,000 zuwa nasa nau'in mai suna LiMux, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, kuma daidaituwa da manhajojin waje yana cikin dalilan da aka bayar, ko da yake masu adawa da matakin sun ce siyasa ta fi yawa a ciki. Wanda abincinsa yake rataye da manhaja ɗaya ta Windows ya fi kyau ya bar kwamfutar sana'arsa yadda take, ko ya raba faifan gida biyu, ya zaɓi wanda zai shiga a duk lokacin da ya kunna.

A ganina, ga malami da ɗalibi da ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis waɗanda aikinsu rubutu ne da lissafi da intanet da kallon bidiyo, a kan kwamfutar da Windows 11 ya ƙi, Linux Mint ne zaɓin da ya fi ƙarancin nadama: bugun Cinnamon idan RAM ya kai gigabait 8, bugun Xfce idan 4 ne ko ƙasa da haka. Ubuntu ne na biyu, kuma yana hawa na farko ga mai koyon sana'ar kwamfuta wanda data ba ta dame shi ba. Ba dole ne a yarda da wannan hukunci a makance ba, domin dukkan huɗun suna da bugun da yake tashi daga filashi ba tare da ya taɓa abin da yake cikin kwamfuta ba. Filashi mai gigabait 8 ya isa, a rubuta fayil ɗin a kansa da manhajar Rufus ko balenaEtcher, bayan an sauko da shi daga shafin masu shi an kuma gwada lambar tantancewarsa, tunda a Fabrairun 2016 an taɓa yin kutse a shafin Mint aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen fayil na ɗan lokaci. Idan ya tashi, sai a gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da firinta da haruffan Hausa, a buɗe takardun aikin da aka fi amfani da su a ga yadda suka fito. Kafin a danna maɓallin ɗorawa kuma, a kwafe duk muhimman fayiloli zuwa wani faifai na waje, a kuma duba ko an kulle faifan Windows da BitLocker, domin idan an kulle shi sai an tanadi lambar buɗewarsa kafin a taɓa rabon faifan.